Kwana Huɗu a Borrowdale: Yadda Muka Yi da Rumfar Mota a Cikin Ruwan Sama

Ranar da muka je karɓar motar hayar, ma'aikacin kamfanin ya zagaya da mu ya nuna mana tankin ruwa, tukunyar gas, wayar lantarki da yadda ake mayar da teburin cin abinci ya zama gado. Da muka iso kan rumfa sai ya rage sauri. Ya ɗaga hannu ya nuna dogon akwatin alminiyam da ke manne a saman bangon motar, ya ce abin da ke naɗe a ciki an yi shi ne domin inuwa, kuma idan iska ko nauyin ruwa ya karya shi, inshorar da muka saya ba za ta biya ba, daga kuɗin ajiyarmu za a cire. Na saurare shi da kyau, amma a raina na ɗauka magana ce ta 'yan kasuwa masu kare kayansu, domin a ƙarshen watan Oktoba, a arewacin Ingila, babu wanda yake neman inuwa. Abin da muke buƙata shi ne wurin fakewa daga ruwa.

Mu biyar ne: ni da maiɗakina da yara uku, a lokacin hutun makaranta na mako guda. Motar irin wadda ake kwana a cikinta ce, mai gadaje da ɗan kicin da banɗaki, nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba, wanda shi ne iyakar abin da lasisin tuƙin ƙaramar mota ya ba ni izinin tuƙawa a Birtaniya. Mun hau babbar hanyar M6 muka yi arewa, muka sauka a Penrith, muka bi A66 zuwa Keswick, daga nan muka gangara ta gefen tafkin Derwentwater zuwa kwarin Borrowdale. Na san inda na dosa. A ƙarshen wannan kwarin ne ƙauyen Seathwaite yake, wanda ake lissafa shi a matsayin wurin zaman mutane da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Ingila, kimanin milimita 3,500 a shekara. A mashigin Honister da ke kusa da shi ne aka auna milimita 341 cikin awa 24 a watan Disamba na 2015, adadin da ya kafa tarihi a ƙasar. Wanda ya zaɓi wannan wuri ba shi da hujjar yin mamaki idan ya jiƙe.

Mun isa sansanin da masu irin wannan mota ke ajiye ta su kwana, da yamma ana yayyafi. An ba mu zaɓi tsakanin fili mai ciyawa da wanda aka shimfiɗa wa tsakuwa, na zaɓi mai tsakuwa saboda tsoron kada tayoyi su nutse a laka ranar tafiya. Wannan zaɓin ya yi daidai, sai dai ya zo da nasa sharaɗin, domin siraran turakun da suka zo da motar ba sa shiga tsakuwa, lanƙwashewa suke yi. Sai da na je ɗan shagon sansanin na sayo masu kauri, waɗanda suka yi kama da manyan ƙusoshi, ana buga su da guduma.

Buɗe rumfar ba shi da wuya idan an bi shi a hankali. Akwai doguwar sanda mai ƙugiya a kai, ana saƙala ta a wani zobe da ke ƙarshen akwatin, a murɗa. Ba a murɗawa gaba ɗaya a lokaci guda. Idan rumfar ta fito kamar mita ɗaya sai a tsaya, a zaro ƙafafu biyu da ke ɓoye a cikin ƙarfen gaba, a sauke su ƙasa su ɗauki nauyin, sannan a ci gaba da murɗawa ana matsar da ƙafafun gaba kaɗan-kaɗan. Dalilin haka shi ne, hannayen ƙarfe biyu masu naɗewa da ke tura rumfar waje ba a yi su don su riƙe ta a sarari su kaɗai ba, kuma duk nauyin da suka ɗauka yana komawa ne kan kusoshin da suka riƙe akwatin a bangon mota. Babban ɗana ya riƙe ƙafa ɗaya, mahaifiyarsa ta riƙe ɗaya, ni ina murɗawa. Da ta gama fita sai na ɗan mayar da ita baya kaɗan domin tamfol ɗin ya miƙe ya yi tauri, na buga turke a tafin kowace ƙafa.

A nan ne na yi kuskuren da ya kusa ja mana asara. Na daidaita ƙafafun biyu suka yi tsayi ɗaya, na kuma ɗaga su sama sosai domin in riƙa wucewa ba tare da sunkuyawa ba. Ta yi kyau a ido, ta miƙe sambal kamar rumfar shago. Muka jera takalma da rigunan ruwa a ƙarƙashinta, muka yi alwala a gefenta, muka shige ciki. Amfaninta ya bayyana tun a daren farko, domin mutum biyar a cikin ɗakin da faɗinsa bai fi mita biyu da ɗan abu ba, idan kowa ya shigo da jiƙaƙƙen takalmi da jiƙaƙƙiyar riga, cikin minti goma tagogi za su yi gumi, barguna su yi danshi. Rumfar ce ta zama zaurenmu, inda ake barin duk wani abu mai ɗiga.

Ruwan can ba irin wanda na taso da shi ba ne. A can inda na taso hadari yakan haɗo daga gabas, a ga baƙinsa, iska ta taso da ƙura, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bayan awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. A Borrowdale ruwan ya fara ne siriri, ba tsawa ba walƙiya, ya kwana yana zuba bai canza murya ba. Saboda rashin ƙararsa ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Da asuba na buɗe ƙofa zan fita, sai ƙofar ta tsaya a rabi, saman ta ya daki wani abu mai taushi. Na haska fitila na ɗaga kai, na ga tamfol ɗin ya yi ciki ya sauko, tsakiyarsa ta zama tafki, ƙarfen gaba ya ɗan lanƙwaso, ƙafafun biyu sun karkato ciki kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Daga baya na zauna na yi lissafin abin da ya faru, kuma lissafin ne ya sa na fahimci maganar ma'aikacin nan. Rumfarmu tsawonta mita 4 ne, fitarta mita 2.5, wato faɗin murabba'in mita 10. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, lita ɗaya kuma kilo ɗaya ce. Ke nan idan aka yi ruwan milimita 10, wanda a wannan kwarin ba a ma kiransa ruwa mai yawa, kilo 100 ne ya sauka a kan rumfar. Idan yana gangarewa babu komai. Idan kuwa ya sami ɗan lotsawa ya tsaya, nauyinsa zai ƙara lotsa tamfol ɗin, lotsawar ta ƙara tara ruwa, haka abin zai yi ta ci gaba har sai wani abu ya saki, ko ɗinki, ko hannun ƙarfe, ko kusoshin bango.

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne in ɗauki sandar murɗawa in tokare cikin daga ƙasa. Maiɗakina ce ta tsayar da ni daga bakin ƙofa.

"Baban yara, kada ka sa ƙarfe a wurin nan, zai huda. Ga tsintsiya mai laushin baki a bayan kujera."

Ta yi gaskiya. Tamfol ɗin da ya miƙe da nauyin ruwa, abu mai tsini kaɗan ya isa ya yaga shi. Na fara da sassauta makullin ƙafar da ke bayan mota, na riƙe ƙarfen gaba da kafaɗata na sauke shi a hankali, domin idan aka saki makullin haka kawai nauyin zai danno ƙafar ta rufta a lokaci guda. Da gefen ya yi ƙasa, sai na sa faffaɗan bakin tsintsiyar a ƙarƙashin tamfol ɗin daga ɓangaren jikin mota, na riƙa tura ruwan zuwa kusurwar da na saukar. Ya zubo a dunƙule ya jiƙa ni daga gwiwa zuwa ƙasa, ƙarfen gaba ya koma ya miƙe. Na duba gaɓoɓin hannayen da fitila ɗaya bayan ɗaya, na murɗa rumfar ciki da waje kaɗan in ji ko tana cijewa. Allah Ya taimaka babu abin da ya karye.

Da gari ya waye, wani dattijo Bature da motarsa ke kusa da tamu ya zo da kofin shayinsa a hannu ya tsaya yana kallon aikin. Ya ce shi da matarsa sun daɗe suna wannan yawo, kuma bai taɓa barin rumfa a miƙe daidai ba ko da rana ake yi. Shi ne ya nuna mini abubuwan da na yi amfani da su a sauran kwanakin.

Na farko shi ne gangara iri biyu. Dole ƙarfen gaba ya kasance ƙasa da akwatin da ke jikin mota sosai, domin ruwa ya gudu daga bango zuwa waje, sannan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta da kamar taƙi guda, domin ruwan ya taru ya fita ta kusurwa ɗaya. Da na gyara ta haka, sai na ga ruwan yana bin gefen ƙarfen yana zuba a wuri ɗaya kamar daga indararo. Zaɓen kusurwar ma yana da nasa tunani. Ƙofar motarmu tana kusa da gaba, don haka na bar ƙafar gaba da tsayi domin saman ƙofa kada ya riƙa gogar tamfol ɗin, na saukar da ta baya. Na kuma duba yadda ƙasar wurin ta kwanta, na tabbatar ruwan da ke zuba yana gangarewa ne zuwa magudanar sansanin, ba ya dawowa ƙarƙashin mota inda wayar lantarki take, ba ya kuma malala zuwa wurin maƙwabci. Dattijon ya gargaɗe ni kada in wuce gona da iri wajen karkatarwa, domin idan bambancin ƙafafun ya yi yawa ƙarfen gaba zai murɗe, akwatin ya ƙi rufuwa daidai.

Na biyu, ya tambaye ni ko an ba mu sandar tsakiya. Ban san da ita ba. Muka buɗe ma'ajiyar bayan motar muka same ta a kwance a ƙarƙashin kujerun zama na waje: sandar alminiyam ce mai ɗan lanƙwasa, ana saƙala kai ɗaya a jikin akwatin, ɗaya a ƙarfen gaba, ta tokare tamfol ɗin daga ƙasa ta raba shi gida biyu. Aikinta kamar na azara ne a rufin ɗaki. Da ita a wurin, tsakiyar da ta yi ciki da daddare ta zama tudu, ruwa ba ya samun wurin zama.

Na uku shi ne maɗauran iska, faffaɗan igiyoyi biyu da ake maƙalawa a ƙarshen ƙarfen gaba, a ja su zuwa ƙasa a ɗaure a manyan turaku. Kowace tana da sifirin na ƙarfe a ƙarshenta, wanda ke ba ta damar ɗan miƙewa idan iska ta fizga, maimakon ta tumɓuke turken. Ya nuna mini in buga turakun a karkace, kansu yana kallon nesa da mota. Ya kuma ce in riƙa duba su safe da yamma, domin ƙasar da ta sha ruwa takan saki abin da ta riƙe jiya. Na ga gaskiyar haka a rana ta biyu, lokacin da na taɓa turke ɗaya ya motsa a hannuna kamar haƙorin da ke shirin fita, sai da na matsar da shi zuwa inda tsakuwar ta fi tauri.

Wani abu da ya dame mu wanda babu ruwansa da gangara shi ne ɗigar da ke bin bangon motar. Tsakanin akwatin rumfar da bangon akwai ɗan sarari, ruwan da ke gangarowa daga rufin mota yana bi ta nan ya sauka daidai kan matakalar ƙofa. Akwai robar da ake sayarwa domin toshe wannan sarari, amma motar haya ce, ba ni da ikon manna mata komai. Abin da na iya yi shi ne na ƙara ɗaga tayoyin gaba kaɗan a kan matakan roba da ake daidaita mota da su, yawancin ruwan rufin ya koma yana sauka ta baya. Sauran kuwa muka haƙura da shi, muka matsar da takalman daga jikin bango.

A kan girki na tsaya kai da fata. Yara sun so a gasa nama a ƙarƙashin rumfar, tunda a bushe take, amma na hana. Tamfol ɗin roba ne, zafi yana narkar da shi, kuma garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana iya shiga ta ƙofa ko taga ta taru a inda ake barci. Saboda wannan dalilin ne ma ban rufe gefunan rumfar da labulen roba ba, duk da cewa ruwa yana feso mana ta gefe idan iska ta juya, domin na lura bututun hayaƙin na'urar ɗumama ruwa a wannan ɓangaren yake. A ganina jiƙewar kujera ɗaya ba ta kai a rufe hayaƙi a wurin da yara ke zama ba.

Kwana biyu muka yi a haka cikin kwanciyar hankali. Rana ta biyu mun hau jirgin ruwan da ke zagaya Derwentwater, kuma kafin mu bar sansanin na naɗe rumfar gaba ɗaya, ko da yake aikin ya ci mana kusan minti ashirin ana yayyafi. Yaran sun yi ƙorafi, amma ban ga hikimar barin ta a buɗe babu mai kallonta ba, a kwarin da yanayi ke iya canzawa tsakanin azahar da la'asar.

A yammacin rana ta uku na duba hasashen hukumar yanayi ta Birtaniya, Met Office, a waya. Hukumar tana fitar da gargaɗi mataki uku, ruwan ɗorawa, ruwan goro da ja, kuma a daren nan ta sa na ruwan ɗorawa saboda iska. A lokacin ko ganye ba ya motsi sosai, ruwan ma ya ɗan tsagaita, rumfar tana ɗaure da igiyoyinta tsaf. Zuciyata ta raya mini in bar ta, tunda na yi mata duk abin da ake yi. Abin da ya hana ni shi ne bambancin da dattijon ya yi mini bayani tsakanin ruwa da iska. Ruwa daga sama yake danna rumfa, kuma ana iya ba shi hanya ya wuce. Iska kuwa ta ƙasa take shiga ta ɗaga ta, faɗin murabba'in mita 10 ya zama kamar filafilan jirgin ruwa, kuma idan turaku suka saki, rumfar takan tashi ta kifa kan rufin mota, ta karya hannayenta, wani lokaci ta fasa tagar rufi. Mafi muni shi ne idan iskar ta riga ta taso, naɗewar kanta haɗari ce, domin da zarar an kwance igiyoyi an cire turaku, babu abin da ke riƙe da ita sai hannun mutum.

Muka naɗe ta kafin magariba. Na fara da tura ragowar ruwan da ke kai, na cire sandar tsakiya, wadda idan aka manta da ita aka murɗa za a lanƙwasa ta ko a yaga tamfol. Na mayar da ƙafafun tsayi ɗaya, na share ganye da ƙananan itatuwan da suka faɗo a kai domin kada su naɗe a ciki, na bar igiyoyin iska sai a ƙarshe. Ɗana da mahaifiyarsa suka riƙe ƙafafun suna matsowa da su, ni ina murɗawa, har ya rage mita ɗaya muka naɗe ƙafafun cikin ƙarfen gaba, na ƙarasa murɗawa sai da na ji akwatin ya kulle a ƙarshensa biyu. Takalma muka zuba a babbar roba mai murfi muka tura ƙarƙashin mota, rigunan ruwa muka rataye a banɗaki.

Wajen ƙarfe biyu na dare iskar ta iso. Motar ta riƙa girgiza a kan tayoyinta, ruwa yana dukan bango a kwance. Ƙaramar 'yata ta farka ta tambaya cikin duhu, "Baba, rumfarmu fa?" Na ce mata tana cikin akwatinta, ta koma barci. Da safe na ga wata mota a can ƙarshen sansanin, rumfarta ta kifa kan rufi, hannu ɗaya ya karye yana lilo, mai ita da ma'aikacin sansanin suna kan tsani suna ƙoƙarin ɗaure ta da igiya domin motar ta iya hawa titi.

Saura batun bushewa. Mun naɗe rumfar a jiƙe, kuma babu laifi a yi haka na kwana ɗaya ko biyu, amma idan ta daɗe a rufe da danshi za ta yi funfuna, baƙaƙen ɗigo-ɗigo su kama ta, ta riƙa wari. Ranar komawa ba mu sami rana a Borrowdale ba ko ta minti biyar. Sai da muka sauko kudu muka iso gida da la'asar, sama ta ɗan washe, na ajiye motar a inda babu mai wucewa na buɗe rumfar gaba ɗaya. Na ɗaura tsumma a bakin tsintsiyar nan na goge samanta da ƙasanta, na goge cikin ƙarfen gaba inda ruwa ya kwanta a ramin ƙafafu, na bar ta tana shan iska har kusan awa biyu, ina zaune a kusa da ita da sandar murɗawa a hannu.

Washegari da na mayar da motar, ma'aikacin nan ya buɗe rumfar har ƙarshe, ya bi ɗinkin da yatsa, ya girgiza kowane hannu, ya ƙirga turaku da igiyoyi da sandar tsakiya. Na gaya masa abin da ya faru a daren farko ba tare da na ɓoye komai ba, na nuna masa inda ruwan ya taru. Ya ɗaga tamfol ɗin ya duba shi ta hasken rana, ya ce bai ga inda ya saki ba. Turakun da na saya na bar su a ma'ajiyar motar tare da gudumar, na kuma roƙe shi ya riƙa fito da sandar tsakiyar yana nuna wa masu haya tun a ranar karɓa, domin a ƙarƙashin kujeru babu wanda zai gan ta. Ya sa hannu a takardar, aka mayar mini da kuɗin ajiyata cif.